Tambaya: za mu iya ɗora bene a kan azuzuwan makarantarmu ta Rigasa?

Malama daga Rigasa ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu ilimin gini, don abin ya fi ƙarfin saninmu mu malaman makaranta.

Muna da makaranta a Rigasa, boko da safe, Islamiyya da yamma. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya gina ta a 2009: azuzuwa huɗu a jere, ofis ɗaya, da baranda a gaba. Ginin ƙasa ne, bulo inci tara a bangon waje, inci shida tsakanin aji da aji, rufin kwano. Kowane aji mita 7 ne da 8. Lokacin da aka gina ta yaran ba su kai ɗari ba. Yanzu kuwa duk wanda ya san Rigasa ya san yadda unguwar ta cika ta batse, musamman tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa a 2016. Ajin 'yan firamare uku yara sun haura saba'in. Bencin mutum uku mutum biyar ke zama a kai, sauran a kan tabarma gaban allo, malami ko wurin juyawa ba ya samu. Duk farkon zango sai na mayar da iyaye da 'ya'yansu a hannu, kuma wallahi abin yana yi mini ciwo, don na san wasunsu daga nan sai talla.

Wani tsohon ɗalibin Baba da Allah Ya buɗa masa ya aiko mana da siminti buhu 200, yau wata biyu ke nan yana jibge a ofis. Kwamitin iyaye ma sun yi karo-karo. Birkilan da ya yi mana katanga, mutumin kirki ne da muka daɗe da shi, ya ce abin mai sauƙi ne. Da an ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli zai yaye kwanon, ya sassare kusurwoyin bango ya cusa fila, wato ginshiƙan kankare, ya zuba dekin, cikin sati shida ya gama, yara su dawo a Satumba su tarar da azuzuwa takwas. Ya ce simintin da ke ƙasa ya isa har a yi saura, kuma ɗauko injiniya ɓarnar kuɗi ce, gara a sayi rodi da su.

Abin da ya hana ni barci shi ne ajin ƙarshe, na wajen yamma. Akwai wata tsaguwa da ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace har kusan ƙasa. An toshe ta da siminti bara, bana da ruwa ya sauka ta sake buɗewa, kan ashana yana shigewa. Ƙofar ajin ma sai an ɗaga ta take rufuwa. Dattawan unguwa sun ce da can akwai kududdufi ta wannan gefen, aka cike shi kafin a yanka fulotai. Babu zanen ginin a hannunmu, kuma wanda ya haƙa harsashin ya rasu.

To masana, ginin da aka yi shi don kwano zai ɗauki bene? Idan sai an duba, me ake dubawa, wa ke dubawa? Muna da ɗan fili ta gabas inda yara ke taron safe, amma ina ƙyashin cinye shi, shi kaɗai ne wurin wasansu. Ranar Asabar kwamiti zai zauna, kuma yawancinsu sun karkata ga maganar birkila. Ina son in je da hujja a hannu. Allah Ya saka da alheri.

Injiniya, Unguwar Rimi, ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa makarantar nan ta zame masa sadaka mai gudana. Lissafin ƙarfin gini shi ne sana'ata, don haka zan faɗa miki kai tsaye: kada a taɓa kwanon nan a wannan hutun. Ga hujjar da za ki kai wa kwamiti, ki rubuta musu a allo su gani da idonsu.

Dekin mai kaurin inci shida, wato santimita 15, kowace murabba'in mita ɗaya nauyinta kilo 360 ne. Ajinki murabba'in mita 56. In kika ninka, tan 20 ke nan a kan aji guda, tan 80 a kan azuzuwa huɗu. Wannan kankare ne zalla. Ba a sa baranda ba, ba a sa bim ba, wato gadar kankaren da ke tallafe dekin ta ƙasa, ba a sa bulon sama da filasta da sabon rufi ba, yaro ko ɗaya bai hau ba. Kwanon da ke kai yanzu, da katakonsa da silin, da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin dekin ɗin. Harsashin da Malam ya sa aka haƙa don wannan ɗan nauyin aka haƙa shi, kuma bai yi laifi ba, abin da ya nufa ke nan.

Sannan makaranta ba gida ba ce. A ƙa'idar Ingila da yawancinmu muka yi karatu da ita, BS 6399, ɗakin kwana ana yi masa lissafin kusan kilo 150 na mutane da kaya a kowace murabba'in mita. Aji kilo 300 ne, ninki biyu. Baranda da matakala kilo 400, saboda da an kaɗa ƙararrawar tara yara gaba ɗaya suke kwararowa wuri guda, suna gudu suna jingina da ƙarfen baranda. Faɗi ma ba ɗaya ba ne. Ɗakin gida ƙafa 12 ne, dekin inci shida ya haye shi lafiya. Mita 7 kuwa ba zai haye shi kaɗai ba, dole a ratsa bim masu kauri ta tsakiyar ajin, su kuma bim ɗin su sauke nauyinsu a kan fila. Birkilan da ya saba da gidaje yana iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari, amma idonsa da ɗaki ya saba, ba da aji ba.

Maganar sassare kusurwa a cusa fila ita ta fi tayar mini da hankali. Fila tana da tata ƙafar a ƙarƙashin ƙasa, faffaɗan kankare mai ragar rodi, wanda a ginin bene ɗaya yakan kai mita ɗaya da wani abu kowane gefe, gwargwadon ƙarfin ƙasar wurin. Filar da aka cusa cikin bango ta zauna a kan tsohon harsashi, ta tattara nauyin tan da yawa ta danna shi a wuri ɗan ƙanƙani da ba a shirya masa ba. Ƙari a kan haka, kusurwa ita ce inda bulo ya sarƙe da bulo ya riƙe bango biyu. An sare ta, an raba su.

Tsaguwar nan kuma ba ta filasta ba ce. Ta filasta siririya ce, tana yin zane-zane barkatai, ba ta hana ƙofa rufuwa. Wadda ta taso daga kusurwar taga a karkace, ta sake buɗewa da damina, ga ƙofa ta cije, alama ce ɓangaren ginin yana nutsewa fiye da sauran. Da labarin kududdufin da dattawa suka ba ki, maganar ta haɗu. Ƙasar Kaduna gaba ɗaya mai kyau ce, jar ƙasa da marmara a kan dutse, tana ɗaukar bene ba gardama. Inda muke shan wahala wuri biyu ne: fadamun da ke bakin kogin Kaduna, irin su gefen Kigo Road da Rafin Guza, da kuma tsofaffin kududdufai da aka cike da bola. Cikon bola yana ruɓewa yana sauka shekara da shekaru. Idan ginin ƙasa ya fara kuka a kai, ina ga an ɗora masa tan 20?

Abin da za ku yi kafin Asabar ba ya cin kuɗi. Ki samu lebura ya haƙa rami a jikin bango ta waje, faɗinsa kamar mita ɗaya, ya gangara har ya ga ƙasan kankaren harsashi. Ɗaya a gefen ajin da ya tsage, ɗaya a gefen ofis. Kada ya kwakule ƙarƙashin kankaren, ya tsaya a gefensa. A auna zurfi, a auna kaurin kankaren da yadda ya fito daga jikin bulo, a duba kalar ƙasar da yake zaune a kai. Ki ɗauki hoto, ki kira 'yan kwamiti su leƙa da kansu. A kan tsaguwar kuma ki shafa ɗan siminti sirara a wuri biyu ko uku, ki rubuta kwanan wata da fensir a gefe. In ya dare cikin makonni, ginin bai daina motsi ba.

Bayan haka sai injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da doka ta kafa tun 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya. Ki nemi lambar rajistarsa ki duba a shafinsu na intanet, kuma zanen da zai ba ki ya zo da hatiminsa. Shi zai sa a gwada ƙasa. Akwai masu wannan aikin a cikin gari, kuma sassan injiniyan gine-gine na Kaduna Polytechnic da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da ɗakunan gwajin ƙasa da kankare. Daga nan sai izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, su ma za su nemi zanen mai tsara gini da na injiniya da takardar fili. Ƙarin bene sabon gini ne a wurinsu, ko da kuna da izinin na ƙasa.

A kan siminti: kankaren dekin yana cin buhu shida zuwa bakwai a kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da kauri. Aji ɗaya buhu 50 da ɗoriya ke nan, huɗu sun haura 200. Wato kyautar bawan Allahn nan ko shimfiɗar dekin ba za ta gama ba, balle fila da bim da matakala da bulo. Duk wanda ya ce za ta isa har a yi saura, to yashi zai cike gurbin. Sati shida ma ba zai yiwu ba. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, a kwana 7 kusan kashi biyu cikin uku yake kaiwa. Ga shi Agusta ce tsakiyar ruwa a Kaduna.

Ban so in kawo wannan ba, amma kwamiti ya kamata su tuna. Ranar Juma'a 12 ga Yuli 2024, benen makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a Jos ya rufta da ɗalibai suna ciki da safe, mutum 22 suka rasu. Kafin nan, 13 ga Maris 2019, a Ita Faaji cikin Legas, gidan haya ne mai makaranta a hawan sama ya rushe, kusan mutum 20 suka tafi, da yawansu yara. Jos ɗin nan maƙwabtanmu ne. Iyayen yaran da safe suka ba su kuɗin tara kamar yadda iyayen naki ke yi.

Shawarata, filin gabas. Na san kina ƙyashinsa, amma ginin bene mai aji biyu ƙasa biyu sama rabin abin da kike tsoro zai ci, ga shi an gina shi daga tushe don bene. In kuɗi bai kai ba a yi na ƙasa da dekinsa a tsaya, a lulluɓe rodin da ya leƙo sama da kankare marar ƙarfi don kada ya yi tsatsa, sai Allah Ya hore a ci gaba. Kada a sarƙe shi da tsohon ginin. In za su haɗa jiki, a bar tazarar inci ɗaya a tsakani daga ƙasa har sama, kowa ya zauna da ƙafarsa. Akwai wata hanyar, a kafa sababbin filoli da ƙafafunsu a wajen tsohon bango su ɗauki benen, tsohon bango bai ɗauki komai ba. Ana yi, amma kuɗinsa ya kusa na sabon gini, kuma a kan cikon kududdufi ban ba ki goyon baya ba.

Tsohon birkila, Tudun Wada, ya amsa:

Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. 'Yata, na tsufa a kan gini, tun ana biyan lebura da sulalla. Abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Ɗora dekin a kan wannan harsashi ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Birkilanku kada ku wulaƙanta shi, ku riƙe shi, ya yi aiki a ƙarƙashin zanen injiniya. Da yawanmu ba mugunta ba ce, gani muka yi an yi a wani wuri bai faɗi ba. To wanda bai faɗi ba Allah ne Ya tsare.

Ni abin da zan ƙara, zane a takarda ba shi ne gini ba. Injiniya zai rubuta daidai, ranar zuba kankare a yi wani abu daban in babu mai tsayawa. Ki sa mutum biyu daga kwamiti, masu ido, ranar nan ko salla su yi ta bi da bi.

Awo shi ne buhu ɗaya na siminti, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa, sai in injiniya ya ce a fi haka ƙarfi. Da rana ta take, lebura ya gaji, sai ka ga kwano ya koma baro, an daina ƙirga. Sannan ruwa. Yara suna son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi saurin zuba, shi kuwa ruwan nan ƙarfin yake kashewa. Kwaɓi mai kyau in ka ɗebo da shebur tsayawa yake, ba ya malalewa. A yo hayar injin kwaɓi da injin girgizawa, kada a yarda da soka sanda. In an cire katako kika ga jikin fila da ramuka-ramuka tsakuwa a waje, ba a girgiza ba ke nan, kuma za su yi maza su shafe da filasta kafin ki zo. Ki ce kada a shafe komai sai injiniya ya gani.

Yashi a kawo na kogi mai kaushi. Ki zuba kaɗan a kwalba da ruwa, ki girgiza, ki ajiye. In laka ta kwanta a sama da kauri, a mayar da tifar. Rodi kuma yanzu akwai wanda ake kira 12, wato kaurin milimita 12, alhali bai cika ba. Ku auna a sikeli: sanda ɗaya mai tsawon mita 12, ɗan 12 ya kusa kilo 11, ɗan 16 ya kusa kilo 19. In ya gaza da yawa an rage shi. Bulo ki karce shi da ƙusa, in yana zubowa kamar gari ku bar shi. Ya fi a buga a cikin makaranta a gabanku, a yi masa ban ruwa.

Sai wurin da na fi ganin ganganci, baranda mai leƙowa wadda ba fila a bakinta. Rodinta a sama yake aiki, ba a ƙasa ba. Masu ɗaukar kwano suna bi ta kai suna tattake shi ya kwanta ƙasa, a zuba kankare a rufe, ba mai sani sai ranar da yara suka taru a kai. Ni a makaranta ban son ta sam. A sa mata fila a gaba, ko da za ta ɗan tare hanya. A ƙarƙashin ragar rodi kuma a sa biskit, 'yan gutsattsarin kankaren nan da ke ɗaga rodi daga katako, in ba haka ba rodi zai fito fili ya yi tsatsa ya fasa dekin.

Gorar da ke tokare dekin a dasa ta a kan katako, ba a kan danyar ƙasa ba. Kuma kafinta zai zo a kwana goma ya ce yana son katakonsa, an kira shi wani aikin. Kada a ba shi. Kwana 21 muke bari. Ban ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, in da hunturu ne a yi gefe da yashi a tara ruwa a kai ya kwana, don iskar nan tana busar da kankare kafin ya nuna. Allah Ya taimake ku, Ya jiƙan mahaifinki.

Maman Islamiyya, Kawo, ta amsa:

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba da lada. Ni ba masaniyar gini ba ce, koyarwa nake a makaranta mai bene, kuma abin da nake gani kullum shi zan faɗa, don maza in suna lissafin rodi sukan manta da wanda zai hau.

Matakala ɗaya ba ta isa ba. Namu guda ce, kuma a lokacin tashi sai malamai biyu sun tsaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna sakin yara aji-aji. Ranar da wani yaro ya yi ihun maciji da wasa, Allah ne kaɗai Ya kiyaye, yara sun hau kan juna a kwanar matakala. Ku yi biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, masu faɗin da uku za su jera. Tsayin kowane taki kada ya wuce inci shida, don 'yan matanmu da dogon hijabi suke hawa, ga jaka ga allo a hannu. Ƙarfen baranda ya kai ƙirjin babba, sandunan a tsaye ba a kwance ba, in a kwance suke tsani kika yi musu. Tsakaninsu kuma kada kan yaro ya shige. Ƙofofin aji su riƙa buɗewa waje.

Ƙananan yara a bar su ƙasa, manya su hau. Kuma don Allah ranar da ake aiki a sama kada a bar aji a ƙarƙashi, ko da an ce dekin ya bushe. Na ga inda bulo ya suɓuce daga sama ya fasa benci, Allah Ya sa lokacin tara ne.

Kafin ginin ya samu, ba za ku iya raba 'yan firamare ukun nan biyu ba, wasu safe wasu rana?

Malama daga Rigasa ta sake rubutawa:

Jama'a na gode, Allah Ya biya ku. Injiniya, Baba birkila, Maman Islamiyya, duk na karanta wa kwamiti saƙonninku.

Mun haƙa ramukan ranar Juma'a da yamma, kuma gani ya kori ji. Ta gefen ofis harsashin ya kai ƙafa biyu da rabi, yana zaune a kan jar ƙasa mai tauri, sai da diga ta yi ta tartsatsi. Kankaren bai fi tsawon yatsa kauri ba, kuma kaɗan ya fito daga jikin bulo. Ta gefen ajin da ya tsage kuwa, baƙar ƙasa ce mai laushi da wari, lebura yana fito da leda da fasassun kwalabe da tsohon silifa, ruwa yana tsattsafowa a ƙasan ramin. Babu fila ko ɗaya a ginin, linta ce kawai a kan tagogi da ƙofofi. Shugaban kwamiti, wanda ya fi kowa son a yi bene, ya daɗe a tsugune bakin ramin, da ya miƙe ya ce a bar maganar. Birkilanmu ma da ya gani ya ce bai san haka wurin yake ba, kuma zai yi aiki da duk injiniyan da muka kawo.

An amince da filin gabas, aji biyu ƙasa biyu sama, matakala biyu. Taron safe za mu riƙa yi a baranda da tsakar da ta rage. Maman Islamiyya, rabawar ba za ta yiwu ba, da ƙarfe biyu 'yan Islamiyya ke shigowa kuma sun fi 'yan boko yawa, amma limamin masallacin layinmu ya ba mu aron rumfarsa da safe.

Saura abu biyu, Injiniya. Simintin nan ya zan yi da shi, tunda aiki ba yanzu ba? Na taɓa buhunan ƙasa na ji sun fara tauri ta gefe. Sannan ajin da ya tsage, mu ci gaba da zama a ciki?

Injiniya, Unguwar Rimi, ya sake amsawa:

Alhamdu lillahi, Malama. Ki fara da ramukan: a mayar da ƙasa yau, a zuba kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa, a yi wa saman gangare ruwa ya bi waje. Ramin da ya kwana a buɗe jikin harsashi a wannan damina ɓarna zai ƙara.

Ajin yamma ku fitar da yara har sai injiniyan da kuka ɗauka ya gan shi ido da ido. Su ne za su koma rumfar liman. A duba kuma inda ruwan kwano ke zuba ta wannan gefen, in a gindin bango yake sauka a yi masa kwata ta kankare a janye shi nesa. Zai yiwu a ƙarfafa harsashin ta ƙasa gaɓa-gaɓa, zai yiwu kuma rushe ajin a sake shi ya fi araha. Wanda ya tsaya a wurin shi zai yanke.

Siminti ba ya son ajiya. Ya wuce wata uku, ga danshin damina, ƙarfinsa ya fara raguwa, kuma irin wannan ba na yarda a zuba shi a fila ko dekin. Ku nemi izinin wanda ya bayar, ku kai wa dila ya karɓa ya rubuta muku takardar adadin buhu, ku riƙa ɗauka sabo lokacin aiki. Wanda ya fara ƙullutu, in yana murƙushewa da yatsa a buga bulon katanga ko a gyara daɓen baranda da shi, in ya zama dutse ya tashi aiki. Kafin a kwashe, a ɗora su kan katako, a janye daga jikin bango, kada jeri ya wuce buhu goma.

Filin gabas ma sai an gwada ƙasarsa kafin a zana komai, don ba mu san iyakar bakin kududdufin ba. Watannin nan na ruwa ku yi su a kan gwaji da zane da takardun KASUPDA, sai a fara haƙa a ƙarshen Oktoba in ruwa ya ɗauke. Ki gaya wa injiniyan tun yanzu in kuna da niyyar ɗora tankin ruwa a sama, don lita dubu tan ɗaya ce, da kuma in ɗaya daga azuzuwan sama zai zama ɗakin karatu, don kantocin littattafai sun fi yara nauyi nesa ba kusa ba. Ku rubuta a yarjejeniya cewa zai zo da kansa ya duba rodi kafin kowace zuba, ta ƙafar fila da ta fila da ta dekin, kuma a ɗebi samfurin kankaren a kai gwaji a kwana 7 da kwana 28. In zanen ya fito ki ɗora hotonsa a nan in duba miki girman bim ɗin da zai ratsa mita bakwai ɗin.